Motsa Jiki Ga Masu Ciwon Kiyari Da Kogon Ruwa A Laka

Akwai wani ciwon kai da ya sha bamban da wanda muka saba da shi na zazzaɓi ko na gajiya. A ƙeya yake zama, daidai inda kai ya haɗu da wuya. Mutum yana zaune lafiya lau, da ya yi tari ko atishawa, ko ya ƙyalƙyale da dariya, ko ya yunƙura zai ɗaga jarkar ruwa, sai ya ji kamar an sara masa gatari a ƙeya. Bayan 'yan daƙiƙu ko 'yan mintoci abin ya lafa. Da yawa cikin masu irin wannan ciwo sun daɗe suna shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, wasu kuma an ce musu jifa aka yi musu. A cikinsu akwai waɗanda idan aka kai ga ɗaukar hoton MRI, likita zai gaya musu cewa ciwon Kiyari ne, wani lokaci haɗe da kogon ruwa a laka. A takardar asibiti za a ga an rubuta Chiari, na biyun kuma syringomyelia.

Da an dawo gida sai tambaya ta taso: to yanzu me zan ci gaba da yi, me zan bari? Gona fa? Ɗibar ruwa fa? Yaron nan zai sāke buga ƙwallo? A nan ne mutane sukan rabu biyu. Wani tsoro ya kama shi, ya kwanta a ɗaki, ko tsintsiya ba ya ɗauka. Wani kuma ya cije ya ci gaba da komai kamar dā, don kada a ce masa rago, ko a ce bangaskiyarsa ta yi ƙaranci. Dukansu biyu suna cutar da kansu. Mai wannan ciwo yana bukatar motsa jiki kamar kowa, sai dai akwai irin motsin da jikinsa ba ya ɗauka, kuma wanda ya gane dalili zai iya rarrabewa da kansa a gona, a madafa da filin wasa.

Abin da ke faruwa a ƙeya

A gindin ƙoƙon kai akwai wata ƙofa, ta nan laka take fitowa daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin ƙashin baya. Dab da saman ƙofar, ta wajen ƙeya, ƙaramar ƙwaƙwalwa take, wadda ke daidaita tsayuwa da tafiya. A wasu mutane ɗakin da Allah ya ajiye ƙaramar ƙwaƙwalwar a ciki yakan yi mata kaɗan, sai ƙasanta ya zurara cikin ƙofar nan. Idan zurarar ta kai milimita 5 ko fiye, likitoci sukan kira shi Kiyari na ɗaya. Sunan na wani likita ne ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Chiari, wanda ya bayyana abin a 1891. Yawanci da shi ake haihuwar mutum, amma bai cika nuna kansa ba sai a ƙuruciya ko bayan an girma. Wasu ma har su tsufa ba su san suna da shi ba, sai in an ɗauki hoton kansu saboda wata lalura dabam. Akwai Kiyari na biyu, wanda ke zuwa tare da jariran da aka haifa da buɗaɗɗen baya, amma wannan maganarsa dabam ce.

Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa ne garai-garai. Babban mutum yana da kamar mililita 150 nasa a kowane lokaci, jiki kuma yana yin sabo wajen rabin lita kowace rana. Ruwan nan yana kaiwa da komowa ta ƙofar ƙeya da kowane bugun zuciya. Duk lokacin da mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura, matsi yana ƙaruwa a ƙirji da ciki, jijiyoyin jinin da ke kewaye da laka su kumbura, su tunkuɗa ruwan sama. Wanda ƙofarsa take a buɗe ba ya jin komai, ruwan ya hau ya sauko. Wanda nama ya tsaya masa a ƙofa kamar toshiya a bakin kwalba, ruwan ba ya samun hanya, naman ya ƙara matsewa. Ciwon ƙeyar ke nan.

Idan aka daɗe a haka, ruwa yana iya taruwa a tsakiyar laka ya yi kogo mai tsawo kamar cikin sarewa. Kiyari ne ya fi kawo wannan kogo, amma rauni a ƙashin baya, ko ƙari, ko tabon da sanƙarau ko tarin fuka na ƙashin baya ya bari, su ma suna kawo shi. Mu da muke zaune a ƙasar da sanƙarau yakan ziyarta da zafi, ya kamata mu san wannan.

Numfashi

In da za a ce mu faɗi abu guda mu yi shiru, to numfashi za mu faɗa. Kada ka riƙe numfashi kana aikin ƙarfi. Da wuya mutum ya lura yana yin haka, domin jiki ne ke yi da kansa. Ka duba mai ɗaga buhu: zai ja iska, ya rufe baki, jijiyar wuya ta tashi, sa'an nan ya yunƙura. Wannan yunƙurin shi ne abokin gābar mai Kiyari.

Ga ma'auni mai sauƙi. Kafin ka ɗaga abu, ka fara ƙirga da baki a fili, ɗaya, biyu, uku, kana ɗagawa kana ƙirgawa. Idan murya ta ɗauke, kayan sun fi ƙarfinka, ka ajiye. Wanda yake magana ba zai iya riƙe numfashi ba. Ka fitar da iska lokacin da kake sa ƙarfi, ka shaƙa lokacin da kake saukewa. Ka durƙusa da gwiwoyi ka jawo kayan kusa da jiki, maimakon ka sunkuya kai a ƙasa. Babu wani adadin kilo guda da ya dace da kowa, likitan da ya ga hotonka ne zai yanka maka iyaka. Amma mu san nauyin abin da muke ɗauka: jarka mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, buhun siminti kilo 50. Babu wanda ke ɗaga waɗannan yana hira.

Yunƙuri bai tsaya ga ɗaukar kaya ba. Jan guga daga rijiya mai zurfi, tura motar da ta mutu, faskare, huɗa da garma a ƙasa mai tauri, duk gida ɗaya suke. Har da abin da ba a cika faɗa a taro ba, wato yunƙurin bayan gida. Mai wannan ciwo ya yawaita shan ruwa, ya ci ganye da wake da 'ya'yan itace, kada ya bari cikinsa ya bushe. Tari ma in ya daɗe a nemi maganinsa da wuri. Mace mai juna biyu kuwa ta gaya wa masu awo tun farko, ta shirya haihuwa a asibiti, domin naƙuda yunƙuri ce babba, kuma likitoci za su so su tsara mata yadda za a yi.

Kaya a ka

Wannan ya fi shafar mata da 'yan mata, kuma shi ne ya fi wuyar bari. Tun muna yara muke ganin iyayenmu da gammo, tulu ko dami ko daron ruwa a ka, suna tafiya ko rangaji babu. Amma nauyin da ke kan ka, wuya ne ke ɗauke da shi, kuma daidai wurin da ciwon yake nan ne nauyin ke sauka. Ga yunƙurin ɗorawa, ga na saukewa, ga tuntuɓen da ka iya fizgar wuya ba shiri. Shawararmu ita ce mai Kiyari ko kogon laka ta bar ɗaukar kaya a ka gaba ɗaya. A raba ruwa a ƙananan galan biyu a riƙe hannu bibbiyu, ko a sa a baro a tura a hankali, ko da sawu zai ƙaru.

Mun san faɗa ya fi yi sauƙi. Macen da ta daina ɗebo ruwa a gidan miji, ga ta kuma da ƙibarta ba alamar ciwo, za ta sha magana. Shi ya sa muke roƙon mazaje da surukai su ma su karanta wannan, ko a karanta musu. Daka ma haka: kowace saukar taɓarya girgiza ce da ke hawa ta hannu zuwa wuya. In akwai injin niƙa a kusa, kuɗin niƙa ya fi kuɗin asibiti sauƙi.

Wuyan kansa yana son a bi shi da lalama. Ɗaga kai sama a daɗe, kamar mai shafa fenti a rufin ɗaki ko mai kaɗo mangwaro, yana ƙara matse ƙofar ƙeya. Juya kai zagaye-zagaye da akan yi a filin motsa jiki, tsayuwa da ka, dungure, duk a bar su. Sai kuma wani abu da ya zama ruwan dare: mai aski ko mai tausa ya kama kan mutum ya murɗa har wuya ya yi ƙara. Kada ka yarda kowa ya yi maka wannan, ko maɗori ne, ko wanda ya ce ya koyo a makaranta. Acaba a kan hanya mai gargada ma yana jijjiga wuya fiye da yadda muke zato. In ba makawa, a roƙi mai babur ya sassauta.

Inda jiki ba ya faɗar gaskiya

Hausawa sun ce jiki magayi. Ga mai kogon laka, maganar ba ta cika daidai ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi da raɗaɗi suna gitta juna ne a tsakiyar laka, daidai inda kogon yake fara cin wuri. Saboda haka mutum yana iya jin an taɓa shi, amma ba ya jin wuta. Rashin jin yakan sauka a kafaɗu da hannuwa da saman baya, kamar inda mayafi yake rufewa. Mace ta sauke tukunya daga murhu hannu tsirara, sai daga baya ta ga fata ta tashi. Manomi ya wuni da fartanya, tafin hannunsa ya fashe, shi bai sani ba.

Don haka shawarar da akan ba masu lafiya, cewa ka yi har sai ka ji ciwo sa'an nan ka tsaya, ba ta yi wa wannan mutum amfani. Agogo da ido ne za su tsaya masa a madadin ciwo. Ya yanka wa kansa lokaci tun kafin ya fara, in lokacin ya cika ya tsaya ko da yana jin zai iya ƙari. Bayan ya gama ya duba tafin hannu da ƙafa da tsakanin yatsu. Ya sa takalmi mai rufi, ya karkaɗe shi kafin ya sa. Ruwan wanka ya gwada shi da wurin da yake ji sosai a jikinsa, ko wani ya taɓa masa. Gashi da ruwan zafi da tsumma, wanda muke yi wa duk mai ciwon jiki, a nan yana iya dafa fata. Kafaɗa ko gwiwar hannu in ta kumbura tana ƙara amma ba ta ciwo, kada a ce ai da sauƙi tun da ba ciwo. Gaɓa tana iya lalacewa shiru a wannan cuta, a kai wa likita ya gani.

Abin da za a yi

Tafiya da ƙafa ita ce uwa. Wanda ya daɗe a kwance ya fara da minti 5 ko 10 a wuri mai laushi, shimfiɗaɗɗe, da sassafe ko da la'asar sakaliya, da ruwan sha a hannu. Kowane mako ya ƙara 'yan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma ana iya yanka talatin ɗin gida uku a yini. Matsakaici shi ne saurin da za ka iya hira da abokin tafiya amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wanda ciwonsa ya yi nisa wataƙila ba zai kai 150 ba, kuma kaɗan ɗin da ya yi ya fi babu. Mai jiri ya riƙe sanda, ya tafi da wani. Ba abin kunya ba ne saurayi ya riƙe sanda.

Keke yana da kyau ga wanda ba ya jiri, in dai irin wanda ake zama a miƙe ne, a hanya mai kyau. Keken tsere da ake kwanciya a kansa ana ɗaga kai yana wahalar da wuya. Keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya, irin na sashen gashin ƙashi a asibiti, ya fi duka kwanciyar hankali. Mazauna birni da ke da halin zuwa wurin iyo, tafiya cikin ruwa mai kai ƙirji tana sauƙaƙa wa gaɓoɓi. Ban da tsunduma da ka, ban da nutso, kuma kada a shiga ruwa ba kowa a kusa. Rafi da kududdufi ba sa cikin lissafi.

Tsoka ma tana son aiki, amma da ƙaramin nauyi da yawan maimaici. Ka zauna a kujera mai ƙarfi ka tashi, ka sāke zama, sau takwas ko goma, kana ƙirga a fili. Ka dafa bango da tafin hannu biyu ka matso ka koma. Ka ɗaga ƙaramar gorar ruwa zuwa tsayin kafaɗa ka sauke a hankali. Don daidaita tsayuwa, ka riƙe bayan kujera ka ɗaga ƙafa ɗaya na 'yan daƙiƙu, sa'an nan ɗayar. Wanda naman hannunsa ya fara zubewa ya riƙa matsa ƙwallon roba mai laushi, ko ya tsince wake da yatsu, aikin da kakanninmu suke yi ba su san magani ba ne. Irin atisayen nan da ake kwanciya rigingine a sa hannu a ƙeya a jawo kai sama, a bar shi. Atisayen wuya kuwa kada a koya daga bidiyon waya, sai wanda likitan gashin ƙashi ya nuna bayan ya ga hoton MRI.

Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Amma in ciwon ƙeya ya taso ana cikin yi, ko jiri, ko gani ya rabu biyu, ko hannu ya mutu, a tsaya nan take. In alamun ciwo sun ƙaru suka kwana suka wuni ba su sauka ba, abin da aka yi jiya ya yi yawa, a rage. Akwai kuma alamun da ba a jira da su: sabon rauni a hannu ko ƙafa, yawan faɗuwa, ƙwarewa da abinci ko ruwa, sauyin murya, kasa riƙe fitsari, ɗaukewar numfashi cikin barci. Waɗannan na likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, kuma ana samun irinsu a asibitocin koyarwa kamar na Jos, Zariya, Kano da Sakkwato.

Dole mu faɗi wannan a fili: motsa jiki ba ya mayar da ƙaramar ƙwaƙwalwa mazauninta, ba ya busar da kogon laka. Duk wanda ya ce yana da tausa ko garin magani da zai yi haka, kuɗinka yake so. Amfanin motsa jiki shi ne ya riƙe ƙarfin da ya rage, ya rage faɗuwa, ya gyara barci da zuciya. Idan ciwon yana ci gaba, aikin tiyata ne ke faɗaɗa ƙofar ƙeya don ruwa ya samu hanya, kuma sau da yawa kogon yakan ragu bayan haka. Ba kowa ke bukatar aikin ba. Wanda aka yi wa, yakan fara da 'yar tafiya tun yana asibiti, sauran kuwa sai yadda likitansa ya tsara, musamman ɗaukar nauyi.

Yara da ƙwallo

A kan yaron da aka gano yana da Kiyari amma ba ya jin komai kuma ba shi da kogo, bakin likitoci bai zo ɗaya ba. Da yawa suna barinsa ya yi wasanni, domin mummunan rauni a irin waɗannan yara abu ne da ba a cika gani ba. Amma yaro mai alamun ciwo ko mai kogon laka, yawancinsu suna hana shi wasan da ake karo ko bugun kai: dambe, kokawa, sa wa ƙwallo kai. Iyaye su tambayi likita wasa-wasa da sunansa, su kuma kai wa makaranta takarda. Malami ya sani cewa tsallen kwaɗo da ranƙwashi ba horon wannan yaro ba ne. A riƙa duba bayansa lokacin wanka, domin karkacewar ƙashin baya wani lokaci ita ce alamar farko ta kogo a yara. Kada kuma a zaunar da shi a gindin bishiya yana kallon 'yan'uwansa har abada. Yana iya wasan jifa da cafewa, yana iya tafiya, yana iya riƙe usur.

A cikin ikilisiya

Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa horar da jiki yana da nasa amfani, ko da yake ibada ta fi shi, a 1 Timoti 4:8. A Yohanna 9 kuma, da almajirai suka nemi sanin zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, Ubangiji bai ɗora wa mutumin ko iyayensa laifi ba. Ciwon da aka haifi mutum da shi a ƙeya ma haka yake. Muna yi wa marasa lafiya addu'a da gaba gaɗi, muna kuma raka su asibiti, ɗaya ba ya kore ɗaya.

Ranar aikin gayya na ginin majami'a, in ɗan'uwa ya ce ba zai ɗauki bulo ko kwanon yashi a ka ba, dattawa su tsaya masa. A ba shi littafin lissafin kaya, ko rabon ruwan sha. A babban taron zumuntar mata, 'yar'uwa mai kogon laka kada a sa ta bakin murhu ko sauke manyan tukwane. Rawa a hankali motsa jiki ce mai kyau, sai dai ban da tsalle da kaɗa kai. Busa ƙaho a ƙungiyar matasa yunƙuri ne tsantsa, iska a matse a ƙirji, don haka saurayin da busa ke tayar masa da ciwon ƙeya ya koma wani kayan kiɗa mara busa. Mawaƙiya ma in ta ga jan murya sama yana sara mata ƙeya, ta sauko zuwa muryar da ba ta matsa mata.

Sai batun ɗora hannu. Al'ada ce mai tushe a Littafi Mai Tsarki, kuma marasa lafiya suna samun ta'aziyya a cikinta. Amma akwai masu addu'a da suke danna kai da ƙarfi, ko su girgiza shi, ko su tura goshi baya har mutum ya faɗi. Ga mai Kiyari wannan haɗari ne na gaske. Fastoci da masu bishara su ɗora hannu a kafaɗa, ko su taɓa kai kawai ba dannawa. Mara lafiya kuma kada ya ji nauyin cewa, Baba Fasto, ina da ciwo a ƙeya, a kama hannuna. Haka nan in lokacin baftisma ya zo a ikilisiyar da ake nutsarwa cikin ruwa, mai neman baftisma ya faɗa tun a ajin shiri, domin a samu mutum na biyu a cikin ruwan da zai tallafe masa ƙeya da kafaɗu, a saukar da shi a hankali, kai da baya a layi ɗaya, a ɗago shi ba tare da shi ya yunƙura ba.